Tumunina a Mesar Malam

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kumasi, yaya iyali, yaya ƙafarka? Mu a Kiru sai godiya.

An raba gadon maigidana Malam, har da tsohuwar mesar da Baturen da ya yi wa aiki ya sallame shi da ita, mai kai ruwan jigo cikin albasarmu. Na roƙi ƙannensa kada su yanka ta. Ƙanensa Tanko ya ce, "Matar yaya, gado gado ne," ya zaro wuƙa. Yanzu rabonsa yana wuyan jaki, albasa ta bushe.

Tumunina kamu ɗaya ne. Na zura shi a mariƙin bokiti, domin kullum Malam yana cewa ƙarfen yana cin hannuna.

Ku sa shi a addu'a, ni a roƙa mini sanyin zuciya. Gai da yara.

Ƙanwarka,
Hajara