Ranar Fitar Takabar Inna Ta Zama Uku

Assalamu alaikum Gwaggo Saratu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri idan na yi ta kwana-kwana, kaina ne ya ɗaure tamau. Ni kaina ban san ko matsalata ta kwamfuta ce ko ta gida ba.

Ni ce auta a gidanmu, a nan Ƙauran Namoda. Kwamfuta na karanta, yanzu ina buga wa mutane takardu a wani shago kusa da tashar jirgi. Allah ya yi wa Baba rasuwa a farkon watan Muharram, Inna ta shiga takaba, kuma ni kaɗai ce tare da ita. Yaya Hannatu tana aure a Dauran, Yaya Armiya'u yana sana'ar hatsi a Shinkafi.

Ranar addu'ar arba'in mun sha kunya. Kowa ya zaci ɗan'uwansa ne zai sanar da dangin Baba na Banga, ƙarshe ba wanda ya sanar da su, kuma ni aka zuba wa ido tunda ni ce a gida. Na ce ba za a maimaita irin wannan kunyar a ranar fitar takaba ba. Sai na zauna na rubuta ɗan gajeren umarni, irin wanda muke ce wa sikirif a makaranta, na haɗa shi da kalandar wayar da mu uku muke gani. Aikinsa ba wuya: ka rubuta abin da ka ɗauki nauyi, ka sa ranar da ya kamata a gama, shi kuma ya ɗora a kalanda, in lokaci ya matso ya buga wa kowa ƙararrawa. Da na gwada na ga ya yi, har da 'yar rawata a shago.

Na sa ranar rasuwar Baba, na ce ya ƙara wata huɗu da kwana goma. Ya ba ni wata Juma'a, nan take kuma ya aika wa kowa saƙo, domin kuwa haka na tsara shi. Ana nan sai Inna ta ji ina faɗar Juma'a a waya, ta tambaye ni Juma'ar wa nake nufi. Ita a lissafinta Litinin ɗin da za ta zo kafin wannan Juma'ar ce, shi ma sai in wata ya tsaya yadda take zato. Duk ƙarshen wata takan tsaya a tsakar gida bayan magariba ta duba sama, sannan ta saurari sanarwa a rediyo. A nan na gane da watannin boko na yi ƙirga, su kuma sun fi namu tsawo.

Na koma na gyara, na ce ya yi aiki da kalandar Musulunci da ke cikin wayar. Gwaggo, sai ya ba ni Lahadi. Ashe waya ba ta jiran a ga wata, lissafinta take yi tun tuni, kuma sau da yawa tana gaban sanarwar da ake yi mana da kwana guda. Kafin in ankara ya sake aika wa kowa saƙo. Yaya Armiya'u ya kira yana tambaya ko sau nawa Inna za ta fita takabar. Ban ji daɗin maganar ba, amma kuma ba ƙarya ya yi ba.

Yayyena ma ba su bar ni na huta ba. Yaya Hannatu ta ɗauki nauyin ɗinkin sabuwar atamfar da Inna za ta sa, ta rubuta biyar ga wata na biyar, tana nufin watanmu. Abin nan ya ɗauke aikin ya jefa shi watan Mayun baɗi, sai da na yi ta lalube na gano shi. Shi kuwa Yaya Armiya'u rubutawa ya yi wai zai kawo geron sadaka ranar kasuwar Shinkafi ta farko bayan an ga wata. Sikirif ya ce bai gane ba. Yaya ya ce abin da bai san ranar kasuwar Shinkafi ba, ba shi da bakin tuna masa komai, tun ranar bai sake buɗewa ba.

Ga inda abin yake ci mini rai. Inna abu guda ta roƙa a duk wannan hidima: hannun Yaya Hannatu ne zai tsefe mata kai ya yi mata kitso ranar da ta fita. 'Yar fari ce, Inna ko sunanta ba ta kira, sai dai ta ce waccan ta Dauran, amma na ga yadda take jiranta. Yaya Hannatu kuma da saƙon farko ta yi shiri. Ta roƙi mijinta, ya amince ta zo ranar Alhamis tare da mutanen da za su fito a mota ɗaya, kuma ya ce tafiya ɗaya ce, kin dai san halin da hanyarmu take ciki. Ban san ko saƙo na biyu ya shiga wayarta ba, don sabis ɗinsu sai an hau tudu. Ban kira ta ba, saboda ban san ranar da zan faɗa mata ba. Inna ta ce ba za ta ƙara kwana ba, ba za ta rage ba, tsakaninta da Allah ne ba da waya ba.

To ni yanzu me zan yi? In tilasta wa kowa rubuta ranar boko? Yaya ake rubuta umarni ga ranar da ba wanda ya san ta sai an ga wata? Ko in goge komai in huta? Saura kamar mako uku, kuma ina tsoron Inna ta fita ba tare da 'yarta ba saboda wayona.

'Yar auta mai ruɗani, Ƙauran Namoda

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna da ku haƙuri.

Fara da sauke numfashi. Ba ki yi abin kunya ba. Kin ga ana zubar da aiki tsakanin 'yan'uwa, kin nemi hanyar tattara shi, kuma abin da kika rubuta ya yi daidai abin da kika umarce shi. Sai dai su ma ba su yi kuskure ba. Inna da wata take ƙirga ibadarta, yayanki da kasuwa yake ƙirga makonsa, kuma haka suke tun kafin a haife ki. Kin buɗe musu gurbi ɗaya kin ce su sa rana, ba ki tambaye su wace irin rana ba.

Ajiye sikirif tukuna, ba shi ne na gaggawa ba. Ki sa yayanki ko wani babba a gida ya kai wa Limaminku lissafin Inna, ya tabbatar da shi. Wannan hukunci ne na addini, ba nawa ba ne, ba na waya ba ne. Sannan ki kira Hannatu yau ɗin nan, da murya, in kiran bai shiga ba ki yi ta gwadawa ko ki aika ta bakin mai zuwa Dauran. Kina jiran ki sami rana guda kafin ki kira, alhali ba ta buƙatar rana guda. Abin da take buƙatar ji shi ne Juma'a ta yi nisa, ranar tana farkon makon, kuma tana iya matsawa da kwana. Ta fito da wuri ta zauna da ku. Maganar mijinta kuwa ki bar wa Armiya'u, shi ya dace ya roƙe shi a sauya ranar, tafiyar dai tana nan ɗaya.

Kada ki goge aikinki, gyara yake so. Na tambayi wata ƙanwata da ke wannan sana'a, ga abin da muka tsayar. Kafin mutum ya sa rana, ya zaɓa ko ta boko ce ko ta Musulunci. Kafin a ajiye, abin ya karanto masa ranar da kalmomi, da sunan ranar da na watan, ya ce ya yarda. Da Hannatu ta ga Mayu a rubuce, da ita ta fara kama kuskuren. Ki buɗe wuri na ayyukan da ranarsu ba ta tsaya ba, a rubuta musu sai an ga wata, in an yi sanarwa ke da hannunki ki sa ranar, sauran ayyukan su bi ta. Wanda ya rubuta magana irin ta yayanki, kada a kore shi, a karɓa yadda ya rubuta a turo miki ki fassara. Mafi muhimmanci, ki cire masa ikon aika saƙo sai kin duba kin amince. Wannan ikon ne ya mai da ƙaramin kuskure ya zama maganar dangi.

Akwai kuma abin da ba za ki so ji ba. Idan hanya ba ta yi kyau ba, ko mijinta bai sauya ba, kada ku matsa wa Hannatu. Ranta ya fi kitso, kuma Inna ta fi ku sanin haka. Ki faɗa wa Inna gaskiya tun yanzu, ki ce saƙonki ne ya rikita tafiyar, kada ta wayi gari ranar tana kallon ƙofa. Za ta fita a ranarta, in Hannatu ta iso daga baya ta sake mata wani kitson.

Amma a wannan safiyar dole wani ya zauna bayanta da mataji, kuma ke ce a gidan. Ba ki faɗa mini ko kin iya kitso ba. In ba ki iya ba, kina da mako uku.

Allah ya kiyaye hanya, ya kawo Hannatu lafiya, ya sa Inna ta fita cikin 'ya'yanta.

Gwaggo Saratu