Ku Sauke Hoton Hajara Daga Bango

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Jarirai na ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti.

Ranka ya daɗe, ni ne Sani mai tireda na bakin kasuwar Kankiya, mutumin ƙauyen Ƙofa. Ko ba ka tuna ni ba, ka san 'yata. Ita ce Hajara, jaririyar nan mai kumatu da hotonta ke manne a bangon ɗakin awon yara, an rubuta a ƙasansa wai haka lafiyayyen yaro yake. Ran kasuwa na ji mai shela yana cewa za a sake yin gasa da kaka, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na so in zo ofis da kaina, amma na san ina buɗe baki kuka zai riga magana fita.

Na farko, zan fara da laifinmu, ni da mai ɗakina Sa'a, don shi ya fi girma. A shekarun fari da yunwa mun binne 'ya'ya biyu, dukansu bayan yaye. Ƙyanda ta kama su, suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Na ɗauki na biyun zuwa maƙabarta a hannu ɗaya, ban ji nauyin komai ba. Da Allah Ya ba mu Hajara, sai muka ɗauki rama ita ce mutuwa, ƙiba kuma ita ce rai. A lokacin kuɗi sun shigo gari, ma'aikata na saye ba ciniki, tiredata ta cika da madarar gwangwani da sukari da biskit da lemon kwalba. Duk abin da yarinyar nan ta nuna da yatsa, ni nake miƙa mata.

Ɗurar da iyayenmu ke yi wa yara da kunun gero tsararo, mu da madara da sukari da man shanu muka yi ta. Sa'a ta kwantar da ita a cinya, ta tara tafin hannu a bakinta, ta toshe mata hanci, ni ina riƙe da ƙafafu. Yarinya ta ƙoshi tana kawar da kai, muna ƙara mata. Mahaifiyata ta zo daga Ƙofa ta gani, ta ce, "Wai ku ragon layya kuka turke? Ku sake ɗiyar ga ta tahi wasan ƙasa." Na yi dariya, na ce wa tsohuwa zamani ya wuce ta. Ta rasu ban nemi gafararta kan wannan dariya ba.

Na biyu, naku. Mu jahilai ne masu tsoro, amma ku masu ilimi ne, da fararen riguna. Sau uku muna kawo Hajara gasarku, sau uku kuna rataye ta a sikeli, wanda ya fi nauyi shi ne zakara. Ba wanda ya tambaye mu me take ci, ko ta fara tafiya. Shekarar farko kun ba mu bahon roba da sabulu. Ta biyu, kwali guda na madara, ita dai madarar. Ta uku kai da kanka ka ɗaga ta sama, ka yi nishi, mutane suka yi tafi, ka ce wa mata su yi koyi da Sa'a. Tun daga shekarar farko, in gasa ta matso ba ma barin ta fita waje, kada ta yi guje-guje ta zube.

Na uku, ga inda zakararku take yau. Shekarunta bakwai. Da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta, na kai ta. Ka san yadda ake gwaji, yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne. Hajara ta yi, ta sake yi, damtsenta ya tokare, yatsunta ba su kai ba. Yara suka fashe da dariya, wani ya ce buhun gyaɗa. Malamin mutumin kirki ne, ya rubuta sunanta. Amma kwana tara ta yi ta daina zuwa, don kafin ta kai bakin masallaci sai ta zauna tana haki. Ƙafafunta sun gwame. Na kai ta asibiti Katsina, likita ya ce nauyi ne ya lanƙwasa ƙashin tun yana ɗanye, kuma bai yi mini alkawarin zai miƙe ba. Ya tambaye ni wa ya yi mata haka. Na duba hagu, na duba dama, ba kowa sai ni.

Yanzu likita ya ce a rage mata ci. Hannun da ya toshe mata hanci don ta haɗiye, shi ke fizge kwano daga gabanta. Sa'a na ɓoye tukunya a rumbu, tana ɓoyewa tana hawaye. Yarinya ba ta gane ba, kuma ta yaya za ta gane? Da, in ta cinye a yi mata guɗa, yau in ta nemi ƙari a daka mata tsawa.

Ga abin da nake roƙo. Ku sauke hoton nan daga bango, ku ba ni abina. Matar ƙanena a Rimaye ta gan shi ranar awo, ta dawo ta aiko a sayo mata madara a wurina, jaririnta ko wata biyar bai cika ba. Na hana, ta ce baƙin ciki nake yi mata, don tawa ta ci baho. Sannan ku jingine sikelin nan a matsayin alƙali. In dole a yi gasa, a duba yaron da ke rarrafe da wasa da kuzari. Kuma ku bar ni in tsaya gaban iyaye ranar taron, in faɗa musu da bakina cewa yaro ba ya saye, ba ya dafawa, abin da muka sa masa a baki shi ne jikinsa.

Hajara ita ma ta ji mai shelar nan. Ta ja jiki ta ɗauko tsohon bahonta, wanda yanzu ba ta shiga cikinsa, ta aje a gabana ta ce, "Baba, in na ciyo wani bana, kwa koma so na kamar da?" Ranka ya daɗe, har yau ban ba ta amsa ba. In kana da ita, ƙofata a buɗe take, ka zo ka faɗa mata.

Allah Ya raya maka zuriyarka da ƙafafu miƙaƙƙu, Ya yi maka jagora, Ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Naka cikin ladabi,
Sani mai tireda, baban Hajara.