Zoɓon Yaya Ladi

Laraba da dare, Kakuri

Yanzu na dawo daga asibiti. Har yau Yaya Ladi ba ta gane ni ba. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta, ya tambaye ni ko tana shan maganin hawan jininta. Me zan ce? Tun Kirsimeti ta ajiye shi, wai kai ya daina ciwo, zoɓo da tafarnuwa sun ishe ta. Haka Baba ya tafi, amma ba ta ji.

Ni ma an auna ni, ya hau. Wai gadon gida ne.

Na yi miya ba gishiri, ba mai yi mini tsiya. Zoɓonta na nan a firji. Na kasa sha, na kasa zubarwa.