Kunkurun da Yaya Ya Shafe

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya ƙafar? Ina fata kina shan maganin a kan lokaci, ba sai ta yi tsami ba ki tuna da shi. Ya mutanen gida, ya Yaya da iyalinsa? Ni lafiya lau nake, sai godiyar Allah.

Jiya a waya kin tambaye ni abin da ya haɗa ni da Yaya har ya hau tsani ya shafe allon shagonsa da farin fenti, na yi ta kame-kame har kika ce in bari sai na shirya. Shi ya sa na ce gara in rubuto.

Kin san Kunkuru, manhajar nan da muka fara a ɗakin baya shekara tara da suka wuce, wadda ƙananan asibitoci ke adana bayanan marasa lafiya a cikinta. Ni na rubuta ta, amma Yaya ne ya raɗa mata suna don tsokana, wai ba ta sauri amma tana isa. Shi ne kuma ya zana mata tambari a bayan kwalin firinta, kunkurun nan mai ɗaga kai kamar an kira shi. Tun farko mun bar ta a buɗe. Kowa na iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ba wani. Yanzu mutane da yawa ke sa hannu a aikin, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba, kuma muna da ƙungiya da kwamiti na mutum bakwai, ina cikinsu.

To Umma, wata uku da suka wuce wani ɗan kasuwa ya ɗauki manhajar ya yi mata gyaran ganganci, ya manna kunkurunmu a jikin kwali, ya kai wa wani asibitin haihuwa. Ta cinye musu bayanan wata huɗu da suka riga suka tara. Saura kaɗan a ba wata mai jego allurar da jikinta ba ya karɓa, don takardar da ta nuna haka ta ɓace. Babbar nas ɗinsu ta kira ni, ta ce, "Mu fa kunkurun muka gani muka yarda." Wallahi ranar ko ruwa na kasa sha.

Sai kwamiti ya ce dole a kafa ƙa'ida, aka ɗora mini rubutawa. Na rubuta cewa manhaja ta kowa ce, amma tambari ba na kowa ba ne. Ba a sa shi a allon shago ko sunan kasuwanci sai da izini a rubuce, ba a kuma sauya masa kama. Duk wanda ya saɓa za a aika masa takardar gargaɗi, a sa sunansa a shafinmu na intanet don asibitoci su yi hattara. Masu taimaka mana suka tattaro sunaye arba'in da uku. Kin san allon shagon Yaya na gyaran kwamfuta, kunkurun ne riƙe da sukudireba a baki. Haka shagonsa ya faɗa cikin jerin.

Na kira shi ya fi sau goma bai ɗauka ba. Don Allah ki sa baki, Umma, ki ce masa aikin ofis ne, ba ni da nufin ɓata masa.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan jiki ya ƙara sauƙi. Na ji an sauya miki magani, Allah ya sa a dace. Ya yaran Yaya da makaranta?

Takardarki ta iso. Layi huɗu ne kawai, na karanta su a tsaye a bakin ƙofar ofis. Ba ki yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya kika yi, ko na ga sunan shagon Yaya a jerin kafin a aika masa takardar gargaɗin. Kwana biyu ke nan ina yawo da ita a jaka.

Na gani, Umma. Wancan karon na rubuta miki cewa shagonsa ya faɗa cikin jerin, kamar wani abu ne da ya zame daga hannu. Ba haka aka yi ba.

Muna zaune ne a ɗakin taro, an raba wa kowa jerin, fanka na ta ɗaga takardun muna danne su da kofuna. Shagon Yaya ne lamba ta ashirin da tara. Lauyar ƙungiya ce ta fara nunawa da biro, ta ce, "Wannan ba shagon yayanki ba ne? Ai sai mu cire shi mu ba shi izini kawai." Ba wanda ya yi musu. Amma akwai wani a kwamitin da muke kira Mai Gilashi, wanda ya daɗe yana faɗa a bayan idona cewa na mayar da Kunkuru gadon gidanmu. Na ga ya gyara zama yana kallona. Sai na ji bakina yana cewa, "A bar shi. Ƙa'ida ba ta san yayana ba." Suka yi ta jinjina mini, shugaba har da tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ji daɗin tafin nan, Umma. Na fito ina tafiya kamar wata babba.

Na ce a raina zan kira Yaya kafin takardar ta isa, in yi masa bayani, mu yi dariya, ya cike fom shi ke nan. Kwana uku ina ɗaga waya ina ajiyewa, don na san zai tambaye ni me ya sa ban cire shi ba, ni kuma ba ni da amsar da zan iya faɗa masa. Har takardar ta riga ni.

Kin san yadda ta fara? "Zuwa ga wanda abin ya shafa." Ta ce masa tambarin mallakin ƙungiya ne, yana amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, an ba shi mako biyu ya cire. Sa hannuna ne a ƙasa. Mutumin da ya zana abin da hannunsa, a gabana, yana cizon murfin biro.

Akwai kuma wani abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara biyu da suka wuce, da za a yi wa tambarin rajista da sunan ƙungiya, na tambaye shi a gurguje ya ce in yi yadda na ga ya dace. Ban sa sunansa ko'ina ba. Ba mantawa na yi ba, gani na yi zai ƙara tsawon aikin.

Jiya matar Yaya ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Ta ce asibitoci uku da yake kula wa da kwamfutoci shekara shida sun ga sunansa a shafinmu, layi ɗaya da na ɗan kasuwar nan, sun ce ya dakata da zuwa. Wani likita ma ya tambaye shi a gaban mutane ko da ma jabu yake girka musu. Ta ce da ya dawo bai ci abinci ba, tsani kawai ya aro.

Kada ki ƙara roƙonsa saboda ni, Umma. Na sa ki kai masa maganar da rabinta ba gaskiya ba ce, ki yafe mini wannan ma. Abin da na ɓata ni zan gyara.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya ciwon bayan nan da ke damunka in ka daɗe a sunkuye?

Na san Umma ta nuna maka takardata ta biyu, ni na ce ta nuna. Don haka ba zan maimaita ba, ba kuma zan kawo uzuri ba. Na ga sunanka, an ba ni dama in cire, na bar shi don a yaba mini. Na zalunce ka, Yaya.

Ga abin da na yi tun daga lokacin. A taron da ya wuce na miƙe na faɗa musu komai, har da dalilin da ya sa na ƙi cire ka. Mai Gilashi ya cire gilashin yana gogewa, can ya ce shi bai taɓa neman in yi haka ba. Gaskiya ya faɗa, bai nema ba.

Daga nan na ɗauki jerin na bi shi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata in yi tun farko. Cikin arba'in da ukun nan, mutum biyar ne kawai ke sayar da jabu. Sauran irinka ne, masu gyara da masu girkawa, har da wata malama da ta buga kunkurun a rigunan ɗalibanta don murnar sun koyi manhajar. Ita ma na aika mata "wanda abin ya shafa". Ashe ba kai kaɗai na yi wa ba, kai ne dai wanda na san fuskarsa.

Mun sauke jerin. Na sake rubuta ƙa'idar, yanzu shafi ɗaya ce. Duk mai girka manhajar ta asali ko gyara ta zai iya sa tambarin a allonsa ya rubuta abin da yake yi, fom ɗin rajista kawai zai cike. Wanda ya sauya cikinta ya raba wa mutane, shi ne dole ya cire kunkurun ya nemi wani suna. Ba kuma za a ƙara sa sunan kowa a shafi ba sai an yi magana da shi baki da baki. Layin farko na ƙa'idar ya faɗi wanda ya zana tambarin, an gyara rajistar ma.

Asibitocin nan uku na je da ƙafata. Biyu sun ce za su kira ka. Na ukun, na likitan nan, sun riga sun ɗauki wani, na zauna awa biyu a benci ya ƙi ganina. Wannan ban iya dawo maka da shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Fom ɗinka ya iso ranar Talata, cikin na sauran mutane. Da na ga rubutunka a ambulan na yi zaton wasiƙa ce. Ka cike kowane gurbi tsaf. Inda aka tambayi alaƙarka da manhajar ka rubuta "mai gyara". Inda aka tambaya ko ka san wani a kwamiti ka ja layi. Na daɗe ina kallon layin nan. Ban iya sa hannu ba, lauya na ba wa, ta amince nan take. Takardar izinin na cikin wannan ambulan, kuma an rubuta a ciki cewa sukudireban ya zauna a bakin kunkurun.

Ban ce ka mayar da allon ba, ban ce ka ɗauki wayata ba. Ranar Asabar zan shigo motar safe. Ba gida zan fara sauka ba, shago zan zo. Idan ka ce in shigo, zan shigo. Idan ba ka ce komai ba, zan tsaya a bakin ƙofa har ka tashi.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta