Burtalin da ya ratsa gonarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Inna, na yi wani abu, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba.

Kin san tun shekarar da shanu sunka shiga gonakin gabas har anka zubar da jini, ba ma shan inuwa ɗaya da mutanen ruga. Ko Dije, wadda kuke musayar gero da nono, daina zuwa ta yi. Kin rasu ba ku gaisa ba.

Bara sai ga ƴan porje, ma'aikatan wani shirin sulhu, daga Tawa, wata ƙungiyar ƙasar waje ta turo su. Sunka tara mu a lakwal, makarantar bokon garinmu, manoma da makiyaya, wai za su koya muna zaman tare. Abin ya ba ni haushi. Ke wa ya koya miki? Amma mu ɗin, shekara da shekaru mun kasa zama tabarma ɗaya sai da baƙi sunka shimfiɗa ta.

Don na iya rubutu, anka sa ni kwamiti. Tsofaffi sunka fita nuna tsohon burtali, hanyar shanu zuwa tabki. Inna, ta cikin gonarki ya bi, daga gawon nan har kwari. Ashe Baba ne ya cinye shi, kaɗan-kaɗan, kowace damina. Kin sani?

Na sa hannu a takardar mayar da burtalin. Anka kafa turakun siminti.

Yaya Sani ya ce na ba da gadonmu don baƙi su ɗauki hoto. Ranar kasuwar Illela ya gan ni, ya kau da kai.

Bayan kwana biyu Dije ta zo, ta tsufa sosai, ɗauke da ƙwaryar nono. Ta'aziyyarki ta zo yi. Munka yi ta kuka, na rasa ko na daɗi ne.

Kina cewa, "Haƙƙin wani ba ya zama taki." Ke ce kuma kike cewa, "Kada ki bar ɗan'uwanki ya kwana da fushinki." Wanne zan riƙe, Innata?

Bana shanu sun wuce, ba wanda ya ɗaga sanda. Bana kuma ni kaɗai na yi girbi.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe wa Baba, ya sanyaya zuciyar Yaya. In kuskure na yi, ya nuna mini tun ina da sauran kwana.

Autarki,
Rabi