Ranar da Na Ɓuya Maka a Bakin Rijiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba. Gaisuwa ta ladabi da girmamawa daga ɗanka zuwa makwancinka.

Yau a ofis aka shimfiɗa mini hoton cikin ƙasa na wani fili da ake neman man fetur a cikinsa. Aikina ke nan yanzu. Ina bin inda ƙasa ta motsa tun fil azal ta tsage, wani sashe ya nutse ya zama kwari, yashi da laka suka cika shi hawa-hawa. Daga baya matsi ya lanƙwasa shimfiɗun. Inda suka yi doro kamar kifaffiyar ƙwarya, nan mai yake taruwa, sai in ce a haƙa.

Aka yi ta yaba mini, ni kuwa wallahi muryarka nake ji. Tun ina goye kake haƙa wa mutanen Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Ibadan, rijiya, kana cewa, "Dutsen Ibadan marowaci ne, sai inda ya tsage yake ba da ruwa. Bi tsaga."

Ka tuna ranar da malaminmu na jami'a ya kai mu unguwar Mokola, kusa da Sabo, duba duwatsu? Ya tsayar da mu a bakin wata rijiya da ake haƙawa. Na leƙa, sai ga ka ciki, laka har wuya, diga a hannu. Muka haɗa ido. Na ja da baya na laɓe bayan 'yan ajinmu, ina ta zuba Yarbanci don kada a ce ɗan Sabo ne. Kai, tir da ni!

Ka nuna wa malamin yadda tsagar ta karkata, har ya sa muka rubuta. Sannan ka ce, "Ɗana ma irin karatun nan yake yi." Ba ka nuna ni ba, Baba. Ka rufa mini asiri ina tsaka da tona naka.

Da na dawo gida ka turo mini kwanon tuwo, ka miƙo ɗan dutse daga rijiyar, wai ko zai yi amfani a makaranta. Na so ka yi faɗa, ba ka yi ba. Kullum ina cewa gobe zan nemi gafara, har aka kira ni aka ce ka cika.

Dutsen yana kan teburina. Duk wanda ya tambaya nakan ce mahaifina ne ya haƙo shi, mahaƙin rijiya ne a Sabo. Bakina ya buɗe yanzu da ba ka nan balle ka ji.

Ka yafe mini, Babana. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara kamar yadda ka shayar da unguwa.

Ɗanka, wanda ya laɓe,
Habibu