Babban Yatsan Baba

Daga ƙauye, kusa da Sinnar
Jimada Sani

Zuwa ga Yayata Ƙaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Bakri da yara. Gaisuwa ta musamman ga Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. A takarda nake rubutawa, ranar kasuwa zan ɗauki hotonta in turo miki, don a shagon can kaɗai ake samun intanet.

Yaya, gwamnati ta saki kuɗi a biya manoman rake bashin da kamfanin sukari ya riƙe musu tun kafin yaƙi. Sunan Baba yana ciki. Sai dai sun ce mai gona da kansa zai zo ya ɗora babban yatsa a kan na'ura, a gwada da wanda kamfani ya ɗauka ranar da ya yi rajista. Na kai takardar gona, na kai liman ya shaide ni, sun ƙi. Na roƙi a yarda da wakili, suka ce wakilan ƙarya sun yi yawa, har matattu ma aikowa suke yi. Da ƙarewar Sha'aban za a rufe biya.

Kin san hatsin da na ci bashi bayan mun dawo daga gudun hijira. Mai hatsin ya kai ni ƙara. Alƙali ya ce in azumi ya kama ban biya ba, kurkuku zan zauna har sai na biya. Matata Marwa kuma cikinta ya tsufa. Ban ce Baba ya taso ba, na dai sanar da ke halin da ake ciki.

Wassalam, ƙaninki mai biyayya,
Tahir

*

Bani Harisa, Madina
Jimada Sani

Tahir ƙanina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, a gai da Marwa, Allah ya sauke ta lafiya.

"Ban ce Baba ya taso ba." To me ka ce? Tun kana yaro haka kake, ka ajiye wa mutum garwashi a cinya ka koma gefe kana yi masa sannu. Na karanta wasiƙarka a tsaye a kicin.

Bari in tuna maka, tunda nisa ya sa ka manta. Da bizar umra Baba ya shigo, yaƙi ya tashi, bai koma ba. Ba shi da iƙama, ba shi da kowace takardar zama. Ranar da ya je fita, za su rubuta shi cikin waɗanda suka wuce wa'adi, su hana shi dawowa shekaru masu yawa. Mutumin da ya haura saba'in, shekaru masu yawa ai har abada ke nan. Kuma ka san abin da ya zaunar da shi. Likkafaninsa na ƙarƙashin matashinsa, ya wanke shi da zamzam. Kullum bayan la'asar sai ya bi gawar da bai sani ba zuwa maƙabartar Baƙi'a, ya dawo yana faɗa mini inda ya ga an buɗe sabon layi, kamar mai neman fili.

Ni kuwa tsoro ya zama abincina. In mota ta tsaya a ƙofa, sai in leƙa ta taga. In ya yi jinkirin dawowa daga Harami, sai in ga kamar 'yan jawazat, jami'an shige da fice, sun tare shi suna neman takarda. Ranar da aka gane muna ɓoye shi, Bakri zai rasa garejinsa na unguwar Sultana, a kwashe mu duka. Na jure wannan don Baba ya samu abin da ya roƙa.

Da ka gan shi yanzu. Ka tuna hannuwansa lokacin da ya zo, kamar ɓawon itace? Ganyen rake ya cinye zanen yatsunsa, har ma'aikacin filin jirgi ya gaji da danna masa yatsa a gilashi. Kowace safiya ina shafa masa man zaitun, yana mita wai zan mai da shi amarya. Yanzu tafin hannunsa ya fi nawa laushi.

Ban faɗa masa ba, kuma ba zan faɗa ba. Zan sayar da awarwarona, Bakri zai roƙi kafil ɗinsa, wato mutumin da ya tsaya masa a takarda, ya ba shi wani abu. Na san ba zai kai ba, amma a fara toshe bakin mai hatsi. Kai dai ka rufe naka bakin. Tsofaffin Sudan da ke zama a farfajiyar Harami sun fi rediyo saurin labari.

Yayarka,
Ƙaltume

*

Bani Harisa, Madina
Rajab

Tahir,

Sallama da gaisuwa.

Baba ya ji. Wani tsoho ɗan wajen garinmu ya yi masa barka da sakin kuɗin rake a Harami, ya haɗa da jajen ƙarar da aka kai ka. Ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa da takalmansa. Na kawo shayi, bai kalla ba.

Ya ce, "Ƙaltume, ɗan'uwanki zai shiga sijin, a kulle shi, ni ina nan ina cin dabino?"

Na ce, "Baba, za mu haɗa kuɗin. Wallahi Bakri ya yi magana da kafil."

Ya ce, "Kafil ne ya shuka raken?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa. Na ce in ya fita, khalas, ba dawowa. Na ce, "Baƙi'a fa, Baba?" Ya ce, "Na roƙi Allah ya kwantar da ni kusa da Manzo. Ban ce ya yi mini haka ɗana yana ɗaure ba."

Ya hana mu raka shi. Ya ce zai gaya wa jawazat a farfajiyar Harami yake kwana, ba shi da kowa a Madina, don kada a zo kan Bakri. Uban da ya haife ni zai tsaya gaban hukuma ya ce ba shi da kowa, ina nan raye a Bani Harisa. 'Yata Nadiya ta rungume shi tana kuka da Larabci, yana lallashinta da Hausa. Na cusa masa kwalbar man zaitun a jaka bai gani ba. Muka bi tasinsa daga nesa a motar Bakri, na ga ya shiga ofishin, bai waiwayo ba.

Da na dawo na ɗaga matashinsa. Ya tafi da likkafanin.

Daga inda suke tsare waɗanda za a mayar gida ya kira ni da wayar wani. Har da dariya, wai na'urarsu ta karɓi yatsansa nan take, man amarya ya yi aiki. Jiya aka sa su a jirgi zuwa Port Sudan. Na tsaya a wajen ajiye motoci na filin jirgi ina kallon masu tashi, ban san wanne ne nasa ba.

Ka tarye shi. Yana tari in ya sha iska, kuma ba zai faɗa maka ba. Ka rubuto mini da zarar an biya.

Yayarka,
Ƙaltume

*

Daga ƙauye
Sha'aban

Zuwa ga Yayata Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Baba ya iso lafiya, sai gajiyar hanya da ta kwantar da shi. Na jinkirta rubutu ne don ban san ta inda zan fara ba.

Yaya, na'urar ta ƙi shi. Ya ɗora yatsa ta nuna ja, ya goge a riga ya sake, ta nuna ja. Ma'aikacin ya juyo mana da fuskar kwamfutar. A gefe guda ga yatsan da kamfani ya ɗauka a da, duk ya goge, sai tsage-tsagen ganyen rake. A ɗaya gefen ga na yau, zane ya fito tsaf kamar na yaro. Ya ce ba hannu ɗaya ba ne. Manoman da ke layi suka taso suna cewa wannan Malam Khalilu ne, tare muka yi noma. Ma'aikacin ya ce shi ma ya yarda, amma ba shi ke sakin kuɗi ba, na'ura ce. Ya ce akwai damar gwaji ɗaya kafin a rufe.

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa. Muka dawo gida.

Washegari ya ɗauki adda ya shiga raken Ɗan'inna maƙwabcinmu, wanda ake sara yanzu. Sara yake yi, yana zuge ganyen da hannu, ya ƙi ko tsumma ya naɗa. Ya ce rake ne ya yi masa wancan yatsan, rake zai mayar masa da shi. Tun hantsi yake shiga sai la'asar. Shekaranjiya ya faɗi a tsakanin kunya, muka ɗauko shi, ya sha ruwa ya koma. Na ce na yarda in tafi kurkukun, ya ce in rufe masa baki. Ina jin tsoro, Yaya.

Ƙaninki,
Tahir

*

Bani Harisa, Madina
Sha'aban

Tahir,

Sallama. Ka ɓoye addar, ka jefa ta a rijiya in ta kama. Da hannuna na shafe masa shaidarsa, kowace safiya, ina murna. Na sayar da awarwaron, kuɗin na hanya, ka kai wa mai hatsi ka roƙe shi ya ɗaga ƙafa zuwa bayan salla. Madina ta riga ta kuɓuce masa, kada rake ya cinye abin da ya rage. Ka karanta masa wannan da bakinka.

Ƙaltume

*

Daga ƙauye
Ƙarshen Sha'aban

'Yata Ƙaltume,

Ina gaishe ki, ina gai da Bakri da jikokina. Allah ya yi muku albarka. Tahir ya karanta mini. Kada ki yi kuka a kan mai. Tunda aka haife ni hannuna bai taɓa jin daɗin da ya ji a gidanki ba. Na ga kwalbar, na ba Marwa ta ajiye wa jariri. Mai hatsi ya karɓi kuɗinki, amma ya ƙi ɗaga ƙafa. Yatsan ya fara tsagewa, saura kaɗan ya dawo nawa. In kin je Harami ki isar mini da sallama wurin Manzo, ki ce Khalilu yana cikin rake.

Mahaifinki

Yaya, shi ya faɗa, ni na rubuta. Jibi za mu koma wurin na'urar. Ya ce sai ya dangwala miki yatsa a ƙasan takardar kamar yadda ya saba sa hannu. Na tashi neman tawada, ya ce in zauna. Jan da kike gani jininsa ne.

Tahir